Ayar Kawu a Lanham

Jiya wani fasinja da na ɗauka a tasi ya nuna mini hoton wata ciyawa, wai a tsibiri ɗaya kawai take fitowa. Sai na tuna marigayi kawuna. Ya rantse sai ya ci ayar noman hannunsa a Lanham, garin da muke zaune a ƙasar Turawa, kafin ya mutu. Na ce, "Kawu, nan ba Maradi ba ce." Duk da haka ya shuka a bayan gida. Mai yankan ciyawar gidan ya aske shukar, ya ɗauka ciyawar banza ce. Da ta sake tohowa, Kawu ya kafa kujera yana gadi.

Da kaka ya tono ta, ya wanke, ya cika mini tafi. Ɗanya ce, ga zaƙi, ga ƙamshin ƙasa.

Ya ce, "Direba, yi magana mana!"

Bakina cike, na kasa.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu.