Alhaji Gahawa da Bakin Rumbu

Duk wanda ya zauna a Nariya a zamaninmu ya san ba zakara ke tada unguwarmu ba, ɗan turmin Alhaji Audu ne. Ana idar da sallar asuba sai ka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas, sai ƙauri ya biyo baya. Gahawa ke nan ake dakawa. Ni taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, don haka abin da kuke tsoron faɗa masa yana raye ni na faɗa, yau ma ba zan fasa ba.

Ya tafi Makka a ƙafa tun Turawa suna ganiyarsu, ya yi shekara bakwai a hanya, ya dawo kamar sillen kara. Tsarabar da ya kawo mana ɗan tulun gahawa ne mai dogon wuya, sai kuma wata fatawa, wai gahawa ce ke cinye kitse.

"Garba, ka taɓa ganin Balarabe da teɓa?"

Na ce, "Alhaji, tafiyar ƙasa ce ta tsotse ka, ba ruwan ɗaci ba."

Ya ce, "Jahilci dai bai yi ba."

To, ya dawo hannun matarsa Laraba, kun kuwa san tuwon Laraba. Kafin damina uku Alhaji ya cika zaure shi kaɗai. Gahawar ma ba haka nan yake shanta ba. Sai ya jefa mata ƙatuwar mazarƙwaila, ya tura ƙosai cikin akushi a gaba, wai kada ɗacin ya tarar da ciki babu kowa ya kama cin hanji. In gahawar da ake kawo masa daga Kano ta yanke, sai ya soya 'ya'yan rai-ɗore ya daka, ya ce ai duk ɗaci ɗan'uwan ɗaci ne.

Ba don kyan gani yake wannan fama ba. Rumbunsa ne. A gidanmu, tun kakanni, maigida ne kaɗai ke ɗaga hular rumbu ya shiga ta sama ya ɗebo hatsi, shi kaɗai ya san abin da ya rage. Ranar da ya kasa shiga kuwa, ranar ya sauka daga mulkin gida, sai babban ɗa ya hau tsani. Bakin rumbun Alhaji na nan yadda ubansa ya gina shi, Alhaji ne ke ƙaruwa.

Hujjarsa ita ce mazagin wando. Duk Juma'a sai ya zo ya nuna mini. "Duba rarar da ta rage! Bara iyakarsa nan." Na kusa gaskatawa, wallahi, sai da Laraba ta ja ni gefe. Ashe duk sallah sai ta zare mazagin ta zura wanda ya fi shi tsawo. Ta ce, "Kai dai ka yi shiru, ni zaman lafiya nake saƙawa."

Wata kakar gyaɗa muka je Rano. An gama auna buhunansa, sai ya tuɓe takalmi ya haye sikelin, wai yau zai rufe bakin maƙiya. Malamin awo ya tura ƙarfe, ya sake turawa, ya ce, "Alhaji, buhu ɗaya da rabi."

Alhaji ya zaburo. "Ƙarya ne! Wa bai san sikelinku na cuta ba ne?"

Na ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Amma ragewa yake yi, bai taɓa ƙara wa talaka komai ba."

Ya sauko, ya zura takalmi, ya kama hanyar gida yana huci.

Sai ranar da kowa ke jira. Da hantsi ya hau tsani, ya zura ƙafafu, ya zura cinyoyi, ya zo kan teɓa, shi ke nan. Ba ciki, ba waje. Laraba ta aiko, na zo na tarar da rabin Alhaji a sama yana gumi. Ɗansa Sule, magidanci mai 'ya'ya uku, ya ɗauko gatari zai ɗan fasa bakin.

"Ka taɓa ginin ubana in tsine maka! Laraba, ɗora gahawa. A yi ta da ƙarfi, ban da mazarƙwaila!"

Kai, jama'a! Aka riƙa miƙa masa finjali bayan finjali, yana sha yana jira kitse ya narke. Har aka kira azahar kitse bai ji kira ba. Daga ƙarshe man shanu muka shafe shi da shi, mu huɗu muka fizgo shi kamar ana zare tsinken tsire. Yana dira ƙasa ya ce, "Kun gani? Ta fara aiki."

Mun yi dariya har da hawaye. Amma washegari Sule ne ya hau tsani, Alhaji yana zaune a gindin rumbu yana jiran a faɗa masa abin da ya rage a cikin abinsa. Ranar ban tsokane shi ba. Bai kuma bar gahawa ba, ya ce saura kaɗan ya koma bakin aikinsa.

Bayan Turawa sun tafi da 'yan shekaru ciwo ya kama shi, abinci ya ƙi zama. Cikin wata biyar ya zama ƙashi da fata. Na je duba shi, ya ɗaga riga ya nuna mini haƙarƙari, yana murmushi.

"Ɗan gwaggo, yanzu fa? Wa ya yi gaskiya?"

Na ce, "Kai ne, Alhaji."

"To kama ni mu je."

Na riƙe shi har gindin rumbu. Ya dafa tsani, ya ɗora ƙafa a matakin farko, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "Yau da zan wuce ba ko gogar gefe." Na juya fuska don kada ya ga idona.

Allah Ya jiƙan Alhaji Audu, Ya yafe masa taurin kai, Ya yafe mini bakina. Allah Ya yalwata masa makwancinsa, Ya buɗe masa ƙofar da ba ta matse kowa. Amin.