Ɗaurin Maje

Shatin roba ne zagaye da cinyar Maje, baƙi kamar an ja da gawayi. Kowa a asibitin idon sawunsa yake dubawa, inda aka yi masa aikin jijiya. Bridget, mai gashin ƙashi 'yar Sabon Gari, ita kaɗai ta lura da shatin lokacin da yake naɗe wando.

Shekara ashirin da biyu Maje yana ɗaurin kaya a Kasuwar Singa. Direbobi kan ce kayan da ya ɗaure, ko Maiduguri za su ba sa gezau. Daga kan tirela ya diro, ƙafar hagu ta gurɗe, jijiya ta tsinke. Tun daga nan a kan kujera yake salla, can gefen sahu tare da tsofaffi, abin da ya fi ciwon ci masa rai.

Da aka turo shi gashi, ruwan zafi da tsumma ya zata. Sai Bridget ta naɗa masa wani abu a cinya irin na awon jini, ta hura iska daidai kima, ta sa shi motsa ƙafar 'yan mintuna, ta kwance. Ta ce in an rage gudun jini kaɗan, tsoka kan yi ƙarfi ba tare da an ɗora wa jijiyar nauyi ba. Maje ya taɓa ɗaurin, ya raina shi. Da ya koma gida Fagge, sai ya ɗauko robar taya ya gyara aikin da kansa.

Da Bridget ta ga shatin, ta ce, "Malam Maje, wa ya ɗaure ka?"

"Madam, ɗaurinki ko katan ɗin taliya ba zai riƙe ba."

"To ƙafarka katan ce? Yatsun sun yi sanyi, ko ba su yi ba?"

Ya sosa ƙeya. "Har na daina jin su."

"Ni rage hanya nake yi, kai ka rufe titin gaba ɗaya. Nawa da awo, naka da ƙarfi. Ka sake, kai da kujerar nan mutu-ka-raba."

Ta miƙo hannu. Mai sana'a ya san mai sana'a. Ya zaro robar daga aljihu ya ba ta.

Bayan wata biyu da ɗaurinta kaɗai, ta sallame shi, ta mayar masa da robarsa. La'asar ɗin ranar a sahun gaba ya yi ta, ya zauna tahiya a kan ƙafar hagu. Da aka idar, ya ɗaure kujerar tamau a bayan adaidaita, ya aika da ita gida.