Malam Hamid Ɗantsoho da Kabarin Gindin Aduwa

Haihuwa da asali

An haifi Malam Hamid a birnin Omdurman a shekara ta 1946 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1365 Hijiriyya. Mahaifinsa shi ne Ɗantsoho, mutumin ƙasar Misau, mahaifiyarsa kuwa Laraba, haifaffiyar gonakin audugar Jazira, wadda iyayenta su ma mahajjata ne da hanya ta riƙe. Ɗantsoho ya bar gida da ƙafa yana saurayi da niyyar sauke farali, ya yi shekaru yana tsinkar auduga domin haɗa guzuri, daga bisani ya gangaro Omdurman ya kafa teburin agashe, wato tsiren nan ƙasar, a bakin kasuwa. To, kun dai san yadda abin yake: bana guzuri bai cika ba, baɗi an yi aure, baɗin baɗaɗa an yi haihuwa. Amma har ƙarshen ransa, in aka ce masa ya zama ɗan gari ke nan, sai ya ce, “Wa ya zauna? Hutawa muke yi.”

Karatu da maraici

Hamid ya shiga halwa, wato makarantar allo ta nan ƙasar, yana ɗan shekara shida, ya sauke Alƙur'ani a shekara ta 1959, sannan aka kai shi ma'ahadin ilimin addini na Omdurman. Yaro ne mai yawan tambaya, har malamansa suka laƙaba masa “Wa-ya-faɗa”, domin ba a gaya masa magana ya haɗiye ta sai ya ji bakin da ta fito.

A shekara ta 1961 Allah Ya yi wa Ɗantsoho rasuwa bai ga Ka'aba ba. A wancan zamani akwai wata magana da mutanen unguwarsu suka gada daga iyayensu, suna danganta ta ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa duk wanda ya fito da niyyar Hajji ajali ya riske shi a hanya, mala'iku suna ɗauke shi daga kabarinsa su mayar da shi Madina. A kan wannan magana suka gina al'ada: in sun rufe mamaci ba sa kafa dutse, ba sa komawa ziyara, a wurin ta'aziyya ma abin da ake ce wa iyali shi ne, “An ƙarasa da shi.” Haka aka yi wa Ɗantsoho. Laraba ta rungumi wannan magana hannu biyu, da ita ta share hawayenta, kuma tun daga ranar in za ta yi wa mijinta addu'a sai ta ce, “Allah Ya ji ƙan na Madina.” Hamid kuwa, wanda ya tsaya a bakin kabarin yana ɗan shekara goma sha biyar, abu ɗaya idonsa ya riƙe: akwai wata aduwa mai karkataccen reshe daidai wajen kan mahaifinsa.

Aiki da aure

Ya kammala karatu mai zurfi a fannin hadisi a shekara ta 1972, aka ɗauke shi koyarwa a wata makarantar sakandare a Khartum, yana ƙetare gada kullum safiya. A shekara ta 1973 ya auri Khadiga, 'yar wani maɗinki maƙwabcinsu, mace mai fara'a da iya jabana, wato gahawar nan tamu mai citta, wadda ta kan ce ta auri mutum ɗaya ta tarar da kishiyoyi dubu a jere a kan kantoci, tana nufin littattafai. Ba ta yi ƙarya ba, don in ya biyo ta kasuwar Suk al-Arabi wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, sai dai abinci ya huce.

A shekara ta 1978 dattawan unguwa suka ba shi limancin masallacinsu. Hanyarsa ta karantar da hadisi mai sauƙi ce, ko tsohuwa za ta riƙe ta. Ya kan ce ruwaya kamar saƙo ce da ya biyo ayari: a tambayi wanda ya kawo shi, a tambayi daga hannun wa ya karɓa, a duba ko sun taɓa haɗuwa, sannan a duba ko dukansu mutanen kirki ne masu kiyaye abin da aka ba su. Ya kan bayyana cewa malamai da yawa sun sassauta wajen ambaton hadisi mai ɗan rauni a babin kwaɗaitarwa ga aikin alheri wanda asalinsa ya riga ya tabbata, amma a babin aƙida, wato abin da za a ƙudurce game da Allah da mala'iku da kabari da Lahira, ba a gini sai a kan abin da ya inganta, domin labarin gaibu ba wanda ya leƙa ya dawo ya ba da shaida.

Bin sawun ruwayar

Daga nan ne abin ya fara damunsa, domin shi ke sallar gawa, shi ke jin “an ƙarasa da shi” a bayan kunnensa. Tun daga shekara ta 1979 ya shiga neman asalin maganar, ba da niyyar rushe ta ba, Allah Ya sani, ya fi kowa son ta tabbata, tunda nasa uban na ciki. Ya duba manyan littattafan hadisi bai same ta ba. Ya tambayi malamansa na Omdurman, ya aika da tambaya ta bakin alhazai. A ƙarshe ya tsince ta a wani littafin wa'azi na mutanen baya, da isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito ta, sai dai a cikin masu ruwayar akwai wanda malaman sanin mazaje ba su san ko wane ne ba, akwai kuma wanda aka haifa bayan rasuwar mutumin da ya ce daga bakinsa ya ji. Malam Hamid bai yi gaggawar kiran ta ƙirƙirarriya ba, don ba halinsa ba ne ya zarce iyakar abin da ya gani, amma ya tabbatar ba ta da ƙafar da za ta ɗauki aƙida.

Sanin ya zo, faɗin ya gagara. Ba dattawa yake tsoro ba, Laraba yake ji. Shekara ashirin da wani abu tana kwana tana tashi da cewa mijinta yana maƙwabtaka da Annabi, yanzu kuma ɗan da ta haifa ne zai zo ya ce mata ba haka ba? Ya ƙudurce ba zai faɗa a kan mumbari ba sai ita ta fara ji daga bakinsa. Khadiga ce ta gaji da ganin sa yana juya cokali a kwano, ta ce, “Malam, ka auna mutanen da suka mutu shekara dubu, ka kasa auna Inna da ke ɗakin nan?”

Maganarsa da mahaifiyarsa

Wata Juma'a da hantsi, a shekara ta 1985, ya tarar da Laraba a kan angarib, gadon igiyar nan, tana tsince wake. Ya durƙusa ya warware mata komai, daga wanda ba a sani ba har wanda bai riski malaminsa ba. Ya ce, “Inna, ban ce Allah ba zai ba shi ladan niyyarsa ba, wannan kam ingantacce ne, ayyuka da niyya suke. Ɗaukewar ce ba mu da hujjarta.”

Ta dakatar da tsintar waken. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, sai ta ce, “Ɗan nan, to yana ina?”

Ya ce, “Iyakar saninmu, yana inda muka ajiye shi.”

Ta ture faifan gefe ta ce, “A nan Omdurman? Bayan tashar mota? Ashe duk shekarun nan mutumin nan yana nan kusa, ni ina ta aika gaisuwa Madina! Miƙo min tob ɗina in yafa.”

A ranar suka tafi maƙabarta. Ƙasa ta baje, ba alama ko ɗaya, amma aduwar tana nan da karkataccen reshenta. Laraba ta yi sallama, ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta sa aka nemo dutse aka kafa. Da suka juyo ta ce wa ɗanta, “Ka je ka gaya musu. Wanda ya yi maka gardama ka turo min shi.”

Ya faɗa a huɗubar mako na gaba. An yi gardama kam, wasu dattawa suka ƙaurace wa sahunsa na wani lokaci, suna cewa boko ya ci malamin. Bai mayar wa kowa da zafi ba, wanda ya zo sai ya buɗe masa littafi su bi sunayen tare. Amma gaskiyar magana, abin da ya fi littafi aiki shi ne ganin Laraba tana dawowa daga ziyara fuska a sake. Sannu a hankali zawarawa suka fara bin ta, kowace tana neman nata, kafin shekaru kaɗan wannan ɓangare na maƙabarta ya cika da duwatsun shaida.

Shekarun baya

A shekara ta 1988 ya kai mahaifiyarsa aikin Hajji, a shekarar da ta biyo baya kuma ya koma ya yi wa mahaifinsa, yana cewa wannan ita ce ƙarasawar da ke da hujja. Laraba ta rasu a shekara ta 1998, aka rufe ta kusa da mijinta bisa wasiyyarta. Malam ya yi ritaya a shekara ta 2006, ya ci gaba da karatun bayan La'asar a zaurensa, maza a ciki, mata a tsakar gida, jabanar Khadiga tana zagayawa.

Rasuwa

Malam Hamid ya rasu ranar Juma'a a watan Rajab na 1444, wato Fabrairun 2023, yana da shekara saba'in da bakwai, bayan gajeriyar jinya. Allah Ya rufa masa asiri bai ga yaƙin da ya watsa garin 'yan watanni bayan haka ba. An yi masa salla a masallacin da ya limanta, aka rufe shi a gindin aduwa tare da iyayensa. Ya bar matarsa Hajiya Khadiga da 'ya'ya biyar: Almahdi, makaniki a unguwar masu garejin nan ta Mantiƙa Sinaiya, Amna, malamar hadisi, Wa'il, ɗan kasuwa, Bakhita, ungozoma, da autarsu Iman. A wurin ta'aziyyarsa ba wanda ya ce an ƙarasa da shi. Hajiya Khadiga ce ma, in an yi mata gaisuwa, take cewa, “Yana nan gindin aduwa, ku riƙa leƙa shi.” Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa.