Ranin da na dafa farar ƙasa

Mu a gidanmu, a Tsiga, tama muka gada. Da an gama shigar da dawa rumbu sai mu ɗauki dagi mu nufi fako, mu fasa marmara, mu tono jan dutsen nan mai nauyi da ke ƙarƙashinta. Mu gina tanderu na yumɓu tsawon mutum, mu jera gawayin ƙirya da tama hawa-hawa, mu ba shi wuta. Ƙarfen da ya fito shi ne garmar garin, shi ne fartanyarsa da laujensa. Ni da yayana muke aikin tun rasuwar mahaifinmu, shi mai haƙuri, ni mai yawan tambaya. A lokacin Nasara bai zo ba, labarinsa kawai muke ji a bakin fatake.

Wani rani, ina wajen shekara arba'in, wani dattijon Musawa ya dawo daga Makka bayan an daɗe da fid da rai da shi. Ya biyo ta garinmu, ya kawo wuƙarsa gyara, ya zauna a bakin maƙera yana kallona ina dukan ƙarfe.

Ya ce, “Maƙeri, da ka ga abin da na gani a Masar, da ka jefar da masabar nan.”

Na ce, “Me kuka gani, Alhaji?”

“Cokali. A gidan wani attajirin Baturke. Fari kamar azurfa, amma ka ɗauka ka ji kamar karan dawa ka ɗauka. Ba ya tsatsa. A akwati ake kulle shi, ba a ko cin abinci da shi.”

“Daga wane dutse ake narko shi?”

“Ba dutse ba ne. Na tambaya. Wani Bakano da ya daɗe can shi ya yi mini tafinta, ya ce daga farar ƙasa ake fitar da shi. A dafa ta da kanwa, a tace, a ba ta wuta.”

Yayana ya yi dariya ya ci gaba da zuga. Ni ban yi ba. Na duba, wa zai yarda garma tana cikin jan dutse in ba ya gani da idonsa ba? In ja ya ba da baƙin ƙarfe, me zai hana fari ya ba da fari?

Kwana uku bayan haka na ɗaure wa jakinmu mangala na nufi wajen Malumfashi, inda mata ke haƙo farar ƙasar shafe ɗaki. Sawu huɗu na yi. Na sayi kanwa ungurnu a kasuwa, na ari tukwanen matata na dahuwar daddawa, manya guda uku. Na ce ari, amma ita ta ce ba ta tuna an tambaye ta ba.

Aikin ya fi narkar tama wuya. Sai ka jiƙa ƙasar kwana biyu, ka dama, ka tsame tsakuwa, ka zuba kanwa, ka tafasa kana tuƙawa da muciya, in ka saki ta kama gindi. Sannan ka tace da rariya, ka bari ta kwanta, ka tsiyaye ruwan sama. Abin da ya rage a ƙasa, fari sol mai laushi, shi nake tarawa a ƙorai a inuwa ya tsane.

Matata ta tsaya ta dube ni da muciya a hannu, ta ce, “Maigida, in tuwo kake sha'awar tuƙawa, ai ga garin dawa nan.”

Ranar wata Laraba surukina ya zo daga Mahuta. Dattijo ne mai kunya ƙwarai, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba, ni ma haka. Ya shekara biyar yana fama da ciki: ƙwannafi, kumburi, in ya ci wake kuwa sai an yi masa addu'a. Ya iso ina daji wajen gawayi, matata tana rijiya, Inna kaɗai ke gida, mahaifiyata, wadda idonta ya fara hazo. Ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta shiga nema wa baƙo abin taɓawa. Ta lalubo ƙwarya a inuwa, ta ga fari, ta ce kamu ne. Ta dama da nono, ta ɗiga zuma, ta kai masa da ludayi.

Da na dawo na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, sai na hangi ƙwaryata a gabansa, an suɗe ta tas.

Na ce, “Baba... kun sha?”

Ya ce, kansa a sunkuye, “Alhamdu lillahi. Allah ya ƙara albarka. Geron bana yana da ɗan nauyi.”

Ba a ce wa suruki ya shanye maka azurfa. Na raka shi har bayan gari ina satar kallon bayansa, ina jiran ya faɗi. Bai faɗi ba. Kwana bakwai ina zaune da fargaba, duk wanda ya ɓullo daga hanyar Mahuta sai in ce ga mai kawo saƙon rasuwa.

Rana ta takwas shi da kansa ya zo, da sassarfa, da dattawa huɗu a bayansa, kowa da ƙwaryarsa. Ya ce tun ranar ƙwannafi ya sake shi, har alale ya ci jiya.

Na ce, “Baba, ku gafarce ni, ba magani ba ne. Ƙarfe nake yi.”

Dattawan suka dubi juna suka gyaɗa kai. Ɗaya ya ce, “Haka masu magani na gaske suke, ba sa yarda.”

Tun daga nan ban ƙara samun sukuni ba. In na rantse ƙasa ce da kanwa, sai a ce ina ɓoye sirri. In na ɓoye ƙorai a rumbu, Inna ta fito da su, don ita yanzu ta ɗauka ita ta gano maganin. Shanun rugar bayan gari kuma suka ji ƙanshin kanwa a inda nake zubar da ruwan tata, kullum da hantsi sai su tsinke su zo su cika ƙofar gida suna lasar ƙasa. Mai ciwon ciki ya kutsa tsakanin ƙahoni ya yi sallama. Rabin abin da na tace mutane suka shanye.

Sauran rabin na dunƙule shi curi-curi kamar fura, na shanya, na loda a tanderu da gawayin da muka tanada don tamar bana. Yayana bai hana ni ba, cewa kawai ya yi, “Gawayin na mu biyu ne, ka ƙona rabonka.” Da wuta ta ƙi kai yadda nake so, na ƙona nasa ma.

Kwana biyu wuta na ci. Ranar fasawa gari ya taru, har Alhajin na aika aka ɗauko shi a kan jaki. Muka fasa gindin tanderu, na sa awartaki na jawo abin da ke ciki. Dunƙule ne fari-fari mai ƙyalli, girman kan bijimi. Aka yi kabbara. Na bari ya huce, na ɗora a uwar maƙera, na ɗaga masaba na buga. Ya tarwatse kamar tsohuwar tukunya, wani ɓalli ya tsage wa mai gari gefen riga.

Alhaji ya tsinci ɓalli ɗaya, ya juya shi, ya sansana, ya ce, “Ba shi ba ne.”

Na ce, “Na gani, Alhaji. Me na rage? Kanwar ce ta yi kaɗan?”

Ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, “Ka san ranar haƙori ke damuna, na naɗe kunnuwana da rawani. Yanzu da nake tunani, ban tabbata ba ko farar ƙasa Bakanon ya ce, ko ƙasar farare.”

Mai gari ne ya fara dariya, riƙe da yagaggiyar rigarsa, sannan kowa. Ni na zauna a kan kututture. Abin da ya fi ci mini rai, ana cikin dariyar wata tsohuwa ta matso ta ce in ba zan yi amfani da ɓallayen ba a ba ta, ƙonannen magani ai zai fi ƙarfi.

Sai da aka watse na ɗaga kai na ga gabas ta haɗe. Damina ta matso, babu gawayi, babu ƙarfe ko na allura, gari guda na jiran garma. Washegari tun da asuba ni da yayana muka shiga daji saran ƙirya, muka cika ramin gawayi muka rufe. Mata da maza suka taya mu ɗaukar tama daga fako, wasu don tausayi, wasu don kada su yi shuka da hannu. Duk da haka ruwa ya riga mu. Shukar farko da tsofaffin fartanyoyi aka yi ta, wasu an ɗaure da igiya, ni kuwa duk gonar da na wuce sai an ɗaga mini ɗaya sama a girgiza.

A mako na uku na damina muka fasa tanderu, a ƙarƙashin rumfar zana, yayyafi na sauka. Ƙarfen ya fito baƙi ƙirin, mutum biyu suka ja shi da ƙyar. Muka kama dukansa nan take, yayana da masaba ni da masaba, ba mu tsaya ba sai da la'asar ta yi sanyi.