Bulus Japan da kayan tsohuwa

Shekara bakwai ke nan da Ubangiji ya kira abokina Bulus, wanda duk Kafanchan ta sani da Bulus Japan. Malamin gona ne a Kachia. A 1987 aka tura shi koyon noma a wani ƙauye can cikin duwatsun Japan, ya dawo da labari buhu-buhu, rabi gaskiya, rabi ni na ƙara masa gishiri.

Ya ce hazo na sauka garin da safe har cikin kofin shayi. Gari tsaf, shiru kamar coci ranar Litinin. Matasa duk sun gudu birni, makaranta ta koma ɗakin ajiya. Gwamnati ta shimfiɗa musu titi mai santsi don yaran su dawo, titin ya kwashe sauran. Shi ne aka fara gayyato baƙi, ko garin zai yi motsi.

Satinsa na farko ya hango tsohuwa ta ranƙwafa da kwandon kayan lambu a baya. Bulus ɗan Kagoma ne, kuma a al'adarsu ba a wuce babba da kaya. Tunda bai iya yaren ba, ko gaisuwa babu, ya fizge kwandon ya ɗora a kai. Tsohuwa ta kurma ihun ɓarawo. Gari ya biyo shi, kuma a cewarsa wanda ya fi gudu cikinsu ya girmi layin dogo. Sai da malaminsa na noma ya zo ya yi bayani. Tsohuwa ta tsaya tana kallonsa, sai hawaye. Tun da ɗanta ya tafi Tokyo babu wanda ya karɓar mata kaya.

Daga ranar, in zai fita, tsofaffi na jere a bakin hanya da kwanduna, wasu babu komai ciki. Waɗanda a da ke leƙensa ta taga suka koma faɗa kan wa zai ba shi shinkafa.

Yanzu an ce baƙi sun cika masana'antunsu, baƙin mutum ya shiga jirgin ƙasa ba mai waiwaye. Mu kuma namu jirgin sai a mafarki nake jin kukansa. Yaranmu sun bi titin Abuja. Da Bulus zai leƙo, zai ce, "Audu, ai kun kamo Japan, saura tsabtar."

Watan jiya Saraya, matar da ya bari, ta zo gidana. Ɗansu ɗaya tilo, Ishaya, zai bi wani ɗan kasuwa Ibo zuwa Japan ɗin, lodin tsofaffin injuna.

Ta ce, "Baban yara, ka hana shi. Kai yake ji. In ya tafi, ni da kaji za mu zauna."

Na shirya wa'azi da ya fi na fasto tsawo. Na ce, "Kai Ishaya, wa zai karɓi kayan uwarka?"

Ya ce, "Baba, kai ina za ka?"

Ɗan banza, bakin ubansa sak. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wa'azin ya maƙale. Abin da ya fito kawai shi ne, "To, in ka ga tsohuwa, ka gaishe ta tukuna kafin ka fizge."

Ya tafi. Saraya ta daina amsa gaisuwata, ko a coci.

Bulus bai bar gida mai bene ba, injin busar da cittar da ya yi ta mafarki ma bai zo ba. Hali ya bari, kuma hali zanen dutse ne. Ranar kasuwa na haɗu da Saraya da buhun citta a kai. Na miƙa hannu. Ta harare ni har na ji a ƙashina, sannan ta sunkuya.

Bulus, kwandunan tsofaffinka babu komai ciki. Wannan buhun, har yau bayana bai miƙe ba.