Baba Daidai, Kafintan da Ya Rage Inci Huɗu

Haihuwarsa da Iyayensa

An haifi marigayi Baba Daidai ranar goma sha biyu ga watan Maris na shekarar 1941, a ɗakin da ke jingine da bangon tsohuwar majami'ar Lutheran ta garinsu, inda iyayensa suka shafe shekara talatin suna zaune. Mahaifinsa katikis ne mai koyar da masu shirin baftisma, mahaifiyarsa kuwa ita ce ke wanke mayafan bagade, wato teburin tsarki da ke gaban majami'a, da kofunan Jibin Ubangiji. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ne namiji. An yi masa baftisma yana da wata biyu a duniya. Sunan da aka raɗa masa yana nan a littafin ikilisiya, amma tun yana saurayi laƙabin Daidai ya danne shi, har jikokinsa suka tashi ba su san yana da wani ba.

Karatu da Koyon Sana'a

A shekarar 1948 aka sa shi makarantar firamare ta ikilisiya, inda ya yi fice a lissafi, ya kuma yi ƙaurin suna wajen gyara wa malamai layin da suka ja a allo idan ya karkace. A 1955 ya kammala darussan katikisma, aka tabbatar da shi, ya fara karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake karɓa a durƙushe gaban bagade. Burin mahaifinsa shi ne ya zama fasto, sai dai zuciyar yaron tana wajen katako. Ya yi shekara shida a hannun wani tsohon kafinta da ke bayan kasuwa, a nan ne kuma laƙabin ya kama shi, domin ba ya ɗora zarto a kan katako sai ya auna sau uku, ba ya kuma sakin aiki sai ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya ce, "Yanzu ya yi daidai." A 1961 ya buɗe shagonsa a layin majami'a.

Aure da 'Ya'ya

A watan Afrilu na 1963 ya auri wata mai ɗinki daga cikin mawaƙan ikilisiya, wadda daga baya kowa ke kira Mama Mai Keke. Mace ce mai fara'a da barkwanci, ita kaɗai ce ke iya tsokanarsa ta kwana lafiya. Takan gaya wa ƙawayenta cewa da maigidanta zai samu hali, da gishirin miya ma sai ya sa masa tef ɗin awo. Allah Ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Na biyunsu, wanda aka haifa a 1966, shi ne Dogo, wanda ya ɗara mahaifinsa tsawo tun yana ɗan shekara sha huɗu, ya kuma gaji taurin kansa kaf, bai bar wa 'yan'uwansa ko kaɗan ba.

Hidimar Ikilisiya da Bencin Baya

Sa'ad da aka gina sabuwar majami'a a 1972, shi aka danƙa wa aikin bencina arba'in da takwas, da ƙofofi, da katakon da ake durƙusawa a gaban bagade. Daga wannan shekara ya ɗauki kayan majami'a a matsayin amanar da za a tambaye shi. Kowace Asabar da safe yakan shigo da guduma da ƙusoshi a aljihu, ya zauna a kan kowane benci ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza jiki, wanda ya yi ƙara kuwa ba zai kai Lahadi da ƙararsa ba.

A zamanin nan ikilisiyar tana da tsari na horo. Wanda ya yi laifin da ya fito fili, dattawa sukan yanke masa adadin Lahadin da zai zauna a benci na musamman can baya kusa da ƙofa, ba ya karɓar Jibin Ubangiji sai ya cika. Dattawan sun ce wa kafinta ya yi benci ɗaya don haka, ba su ƙara da komai ba. Shi ne da kansa, cikin zafin himma irin na mai shekara talatin da ɗaya, ya ga bai dace mai laifi ya ji daɗin zama ba. Ya hana bencin abin jingina, ya kuma rage ƙafafunsa da inci huɗu. Ba wanda ya tambaye shi dalili, shi ma bai faɗa ba, har aka zaɓe shi dattijo a 1980, aka kuma ba shi shugabancin dattawa a 1989.

Hukuncin 1994

A watan Yuni na 1994, Dogo, wanda a lokacin direban babbar mota ne mai mata da ɗa guda, ya mari shugaban mawaƙa a bakin ƙofar majami'a bayan sujada, saboda mutumin ya yi wa muryar matarsa ba'a a gaban jama'a. Dattawa suka zauna, suka yanke masa Lahadi goma sha biyu. Wasu sun so a rage saboda darajar mahaifinsa, amma Baba Daidai ya ce abin da aka auna wa ɗan wani shi za a auna wa nasa, ya kuma karanta hukuncin da bakinsa.

Dogo ya karɓa bai yi gardama ba. Sai dai yana fama da ciwon baya tun wani haɗari da ya yi a hanya, ga tsawo, ga benci a ƙasa. Idan ya zauna gwiwoyinsa sukan kusa taɓa haɓarsa, yara su waiwayo suna ƙunshe dariya. Ya daure Lahadi uku. A ta huɗu ya miƙe ana tsakiyar wa'azi ya fita, mahaifinsa ya bi shi har bakin ƙofa.

"Baba, kai ka auna bencin nan?" in ji Dogo.

"Ni na auna shi."

"Lallai ka iya awo. Ku riƙe majami'arku."

Cikin wata guda ya kwashe iyalinsa ya koma wani gari mai nisan yini ɗaya a mota.

Shekarun Jira

Ranar Litinin da ta biyo bayan tafiyar Dogo, Baba Daidai ya ɗauki bencin a ka ya kai shago. Ya mayar masa da inci huɗun, ya yi masa abin jingina, tsawon kuwa ya auno shi ne daga wata tsohuwar rigar Dogo da ke cikin akwatin mahaifiyarsa. Sa'an nan ya tsaya gaban dattawa ya bayyana abin da ya ɓoye shekara ashirin da biyu, cewa hukuncin nasu ne amma wulaƙancin nasa ne, ya roƙi a yanke masa horo. Dattawa suka ce ba su da doka a kan ƙafar benci. Ya ajiye shugabanci a ranar, daga Lahadin da ta biyo kuma ya bar kujerarsa ta gaba ya koma bencin baya, yana zama a gefe ɗaya, yana barin gefen ƙofa ba kowa.

Abin da ya biyo baya ba shi ya shirya shi ba. Duk wanda aka sa wa horo sai ya tarar da dattijo a gefensa, yana buɗe masa littafin waƙa, yana raka shi gida bayan sujada, yana leƙa shi a tsakiyar mako. Mutane da yawa da suka zama ginshiƙan ikilisiyar nan sun shaida cewa a kan bencin nan suka fara fahimtar bangaskiyarsu, cikinsu har da wani mahauci da ya zauna sau uku, wanda yakan ce na ukun da gangan ya yi don hirar Baba. A 2003 ikilisiya ta soke tsarin gaba ɗaya, ta tsaya a kan furta zunubi da shelar gafara, amma Baba Daidai bai tashi daga wurin ba. Abu ɗaya yake roƙon Allah, ya kuma sha faɗa a fili: ya durƙusa tare da ɗansa a gaban bagade kafin ya mutu.

Ya rubuta wa ɗan nasa wasiƙu, ya yi tattaki zuwa wurinsa sau biyu. Dogo yakan karɓe shi da ladabi, ya ba shi masauki, amma da zarar an ambaci majami'a sai ya tuna akwai abin da zai duba a mota. Da Mama Mai Keke ta rasu a watan Agusta na 2009, Dogo ya zo, ya ɗauki akwatin gawa, ya yi kuka a maƙabarta, amma lokacin sujada a waje ya tsaya. Wannan ya yi wa tsohon ciwo fiye da yadda ya nuna.

Rashin Lafiya da Dawowar Dogo

A tsakiyar 2015 ciwon zuciya ya kwantar da Baba Daidai, likita ya gaya wa babbar 'yarsa, wadda nas ce, cewa a shirya. Ita ce ta kira ƙaninta ta faɗa masa magana ba kwana-kwana. Ranar Lahadi ashirin ga Satumba, ana cikin waƙar farko, Dogo ya shigo da furfura a kansa, ya zauna a bencin baya, a gefen ƙofa. Ya jingina, ya ji katakon ya tsaya masa daidai kafaɗa, ya juya ya dubi mahaifinsa. Tsohon ya tura masa littafin waƙa.

Bayan sujada, faston da ke riƙe da ikilisiya a lokacin, wanda bai ma san zamanin horon ba, ya shaida wa Dogo cewa an daɗe da barin wannan tsari, idan ya tuba a shirye yake ya yi masa shelar gafara nan take. Shugaban mawaƙan da aka mara, wanda tsufa ya riga ya kwashe masa haƙora, ya ce shi ya yafe tun kumatunsa bai huce ba. Dogo ya nemi gafararsa, ya amsa laifinsa a gaban fasto, amma a kan maganar zuwa bagade ya kafe.

"Sha biyu aka yanke mini, uku na yi. Saura tara. Ba zan karɓa ba sai na cika."

"Kai, wannan ɗan naka ne, Baba, ba musu," in ji fasto.

A ikilisiyar ana yin Jibin Ubangiji ne Lahadin farko na kowane wata. Baba Daidai, wanda lissafi bai taɓa ba shi wuya ba, ya ƙirga ya ga Lahadi taran za su cika a tsakiyar Nuwamba, jibin da zai biyo baya kuma sai Disamba. Ya kuma san abin da ƙirjinsa ke gaya masa. Duk da haka bai matsa wa ɗan ba, ana kawo shi a mota kowace Lahadi, Dogo na tallafe shi har benci.

Ranar ɗaya ga Nuwamba, Lahadi ta bakwai, aka kira jama'a zuwa bagade layi-layi, har aka zo kan na baya. Tsohon ya dafa gwiwar ɗansa.

"Tashi mu je."

"Baba, saura biyu."

"Na sani, ni na koya maka ƙirga. Shekara hamsin ina awo, ɗana, na auna har abin da ba a ba ni in auna ba. Wannan kyauta ce, ba a sa mata tef. Kama ni, ƙafafuna ba su da ƙarfi."

Dogo ya kama shi. Suka ratsa tsakanin bencina arba'in da takwas a hankali, mawaƙa suka ƙare waƙar suka sake ɗaukowa daga farko don su ba su lokaci. Suka durƙusa kafaɗa da kafaɗa a kan katakon da tsohon ya sassaƙa da hannunsa, suka karɓa. Mutane da yawa sun yi hawaye a ranar, mahaucin nan kuwa sai da aka fita da shi waje.

Rasuwarsa da Jana'izarsa

Baba Daidai ya rasu da hantsin ranar Laraba huɗu ga Nuwamba, 2015, a ɗakinsa, yana da shekara saba'in da huɗu, 'ya'yansa duka suna wurin. An yi sujadar jana'izarsa ranar Asabar bakwai ga wata a majami'ar da ya yi wa hidima shekara arba'in da uku, aka binne shi a maƙabartar ikilisiya kusa da matarsa, cikin akwatin da kafintocin da suka koyi sana'a a hannunsa suka haɗa, bayan sun auna sau uku. A iya sanin waɗanda suka zauna da shi, ban da inci huɗun da ya mayar wa benci, Lahadi biyun da suka rage wa Dogo su ne kaɗai aikin da ya taɓa yankewa bai cika ba, kuma da gangan ya yi.

Ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu da jikoki goma sha ɗaya. Akwai babbar 'yarsa Nas, wadda ta yi jinyarsa. Da Malam, mai koyar da lissafi a makarantar sakandare. Da Auta, wadda ta gaji keken ɗinkin mahaifiyarsu. Sai kuma Dogo, wanda ya sayar da motarsa ya dawo gida, wanda ke zagaya bencina da guduma kowace Asabar da safe, ranar Lahadi kuma yana zama a bencin baya, a gefen da mahaifinsa ke zama, yana barin gefen ƙofa ba kowa.