Kilarinet Biyu Daga Motar Albasa

Cikin shekara ashirin da huɗu da na yi ina riƙe da siton badujala a makarantar sakandare a Jega, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wadda aka kawo mani kilarinet biyu suna warin albasa.

Ga sababbin shiga, badujala ita ce ƙungiyar masu ganga da busa ta makaranta. Kilarinet kuma baƙar sarewar nan ce mai maɓallan ƙarfe, da ɗan siririn kara a baki wanda muke ce wa rid. Aikina in ba da kaya, a sa hannu, in karɓa, in gyara abin da ya lalace. Aji biyu na bar karatu, gyaran a hannun wani tsohon soja na koya. Shi ya sa nake mataki na huɗu na albashi tun da aka ɗauke ni, yaran da na koya wa riƙon ƙaho suna wuce ni da mota. To, a bar wannan.

Akwai wata ɗaliba 'yar aji shida, Rifkatu, ɗiyar wani akawu ɗan Zuru da ke aiki a sakatariya. Yarinyar ta fi ƙarfin kilarinet ɗinmu. In ta hau sama da busa sai ta yi mata ƙara kamar ƙofar langa-langa. Ga gwajin shiga kwalejin kiɗa saura wata biyu, kuma kayan gwamnati ba ya fita makaranta. Dole ta sami tata. Uban ya tara abin da ya iya tarawa, ya ce daga shi babu ƙari.

Wani direba, Ɗan'ige, mai kai albasar Aliero kudu, shi ya karɓo guda biyu na hannu daga wani shago can, a kan a zaɓi ɗaya, gobe da safe ya koma da ɗayar. Ɗaya ta icce ce, tana ƙyalli, za ta cinye kuɗin duka. Ɗayar ta roba, duk ta koɗe, amma za a sami canji.

Watan Afrilu ne, bayan an tashi makaranta. Malamin kiɗa, Mista Yohanna, mai digiri, ya buɗe akwatin ta iccen ya ce, “Magana ta ƙare. Duk ƙwararru icce suke busawa.”

Rifkatu ta busa. Ba zan yi ƙarya ba, muryar ta yi daɗi har Ɗan'ige ya daina taunar goro.

Na ce, “Malam, a ba ni in gani.”

Mista Yohanna ya ce, “Malam Umaru, wannan ba rajistar sito ba ce.”

Na ce, “Awo, na sani. Amma in ta lalace, wajen wa za a kawo ta?”

Ga yadda ake gwadawa. Ka cire gaɓar sama ita kaɗai, ka rufe ramuka da yatsu, ka toshe ƙasan da tafin hannu, ka tsotsa. In lafiyayya ce za ta kama maka leɓe. Na tsotsi ta robar, ta kama ni kamar ƙahon wanzami. Na tsotsi ta iccen, iska na ta shigowa. Ba da yawa ba, amma tana shigowa.

Mista Yohanna ya ce 'yan fatun maɓallan ne, a sake su. Na duba fatun, lafiyarsu lau. Sai na fita da gaɓar na aza ta bisa taga inda rana ke bugawa. Kun san ranar Jega a Afrilu. Ba a fi minti biyar ba wani baƙin layi ya fara gumi kusa da ramin babban yatsa. Na shafa, na nuna masu yatsana. Tsagewa ce siririya kamar gashi, an cike da kyandir an bi da man takalmi.

Ɗan'ige ya ce, “Wallahi ni albasa na sani!”

Na ce, “Wa ya ce kai ne? Zauna.”

Rifkatu ta shafa akwatin. Can ta ce, “Baba Sito, ba a iya gyarawa?”

Na ce, “Ana iyawa, ɗiyata, a garin da ke da mai gyara. Nan ni ne mai gyara, kuma ban iya ba. Wagga ba ta kai ki ranar gwaji. Ɗauki ta roba, canjin ki sayi kan busa mai kyau, guntun nan da ake sawa a baki, da kwalin rid. Rabin daɗin nan da kinka ji, daga baki yake fitowa.”

Na kwance kan busa na tsohon sojana, wanda ban taɓa ara wa kowa ba, na ɗaura mata a ta robar. Ta hau sama, ta sauko, ta sake hawa. Babu ƙara ko ɗaya. Ba ta kai ta iccen zaƙi ba, ita ma ta sani, ta share ido ta ce wannan ɗin za ta ɗauka.

Ta ci gwajin. A rahoton da aka kai wa shugaban makaranta, an rubuta cewa sashen kiɗa ne ya ba da shawara. Sunana bai fito ba, ban kuma yi mamaki ba. Sai dai tun ranar Mista Yohanna ba ya sa hannu a karɓi ko usur sai ya ce, “A kai wa Malam Umaru ya tsotsa tukuna.”

Abin da na koya ke nan a wannan sana'a: kunne yana ruɗar mutum, har mai digiri, har ni. Kada ka sa talaka ya sayi abin da garinsa ba zai iya riƙe masa ba.

Bara Rifkatu ta kira ni a waya. Ta ce ƙawarta ta tashi sayen kilarinet, ita kuma ta cire gaɓar a gaban mai shago ta tsotsa. Mai shagon ya tambaye ta a wace kwaleji aka koya mata wannan.

Ta ce masa, “A sito.”